Kyamara, sikana da manhajar gyaran hoto: yadda za ka zaɓa ba tare da ka yi asarar kuɗinka ba

Duk wanda ya shiga kasuwa neman kyamara bai san abin da zai ɗauka da ita ba, mai shago ne zai zaɓa masa, shi kuwa mai shago abin da ya daɗe a kan kanta yake so ya rabu da shi. Saboda haka matakin farko a gida ake yin sa. Ka zauna ka tambayi kanka wane hoto ne kake so wanda wayar da ke aljihunka ta kasa ba ka.

Idan hotunan yara ne a tsakar gida da rana, ko na abokai ranar Juma'a, wayarka ta isa, ka riƙe kuɗinka. Idan tsofaffin hotunan gidanku ne da ke cikin albam ko ƙasan akwati kake son ka ceto kafin gara da damshi su cinye su, sikana kake bukata, wato na'urar da ke kwafe hoton takarda zuwa kwamfuta, kuma kuɗinta bai kai na kyamara ba. Kyamara ta gaske tana nuna fifikonta ne a wuri uku: abin da ke nesa, abin da ke gudu, da wurin da haske ya yi ƙaranci. Mahayin da ya sako doki a hawan Daushe yana nesa kuma yana gudu. Ɗakin amarya da dare, mai ƙwan lantarki guda ɗaya, ba shi da haske. A irin waɗannan wuraren ne waya take fitar da hoto dishi-dishi, fuska kamar an shafe ta.

Zaɓen kyamara

Abin da mai shago zai fara faɗa maka shi ne yawan megafiksel. Kada ya ruɗe ka. Hoto mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, alhali cika takardar A4 da hoto mai kyau ɗigo 3508 da 2480 kawai yake bukata, wato bai kai megafiksel 9 ba. Kusan duk kyamarar kirki da aka yi daga 2011 zuwa yau ta wuce haka.

Abin tambaya shi ne girman sensa, wato ɗan farantin da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kansa. Lamarin kamar tarar ruwan sama ne: wanda ya ajiye baho da wanda ya ajiye kofi ruwa ɗaya ya sauka a kansu, amma abin da suka tara ba ɗaya ba ne. Sensa mafi girma da aka saba gani tana da milimita 36 da 24, daidai girman fim ɗin da ake sa wa kyamarorin da. Tana da tsada, haka ma lensinta, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, kuma mai ɗaukar hoto don nishaɗi bai bukace ta ba. Wadda ta dace da kai ita ce APS-C, mai kimanin milimita 23.5 da 15.6 a Nikon da Sony, ta Canon kuma ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Ko ita ɗin ta ninka sensar wayoyi masu matsakaicin kuɗi sau da yawa, wasu har sau goma.

Daga nan sai ka zaɓa tsakanin iri biyu. Akwai DSLR, mai madubi a ciki, wadda idan ka leƙa kake ganin abin da ke gabanka kai tsaye ta cikin gilashi. Akwai kuma marar madubi, wadda ƙaramin allo ne ke nuna maka hoton. Kamfanoni sun koma kan marar madubi, irin su Canon R50 da Nikon Z50 duk irinta ne. Wannan ya sa kyamarorin DSLR na hannu suka yi yawa a kasuwa, lensinsu ma ya yi sauƙi. A ganina mai koyo da ke zaune inda wuta ba ta tsayawa ya fi cin riba da DSLR, saboda batir. Nikon D3500, wadda ta fito a 2018, an ƙiyasta tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya. Sony a6000 ta 2014, kyamara ce mai kyau da saurin kama abin da ke motsi, amma batirinta bai kai hoto 400 ba. Idan ita ka zaɓa, ka haɗa da batir na biyu tun ranar. A ɓangaren Canon, 2000D da 250D sun isa, har tsohuwar 600D ta 2011 mai megafiksel 18 tana aiki idan an same ta da lafiya.

Yanzu sai lensi, kuma a nan ne ya kamata ka kashe kuɗin da ka rage. Galibi kyamara tana zuwa da lensin 18-55mm (idan lambar mm ta ƙaru, lensi ya fi jawo nesa kusa). Ba shi da laifi da rana, amma idan ka jawo shi zuwa ƙarshe ƙofar haskensa f/5.6 ce. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da lambar da ke bayan f ta yi ƙasa, ƙofar ta fi faɗi. Lensi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na mai f/5.6, shi ne kuma yake sa bayan mutum ya narke fuskarsa ta fito fes. Mai Nikon ya nemi AF-S DX 35mm f/1.8G. Mai Canon zai ji ana ta yabon EF 50mm f/1.8 STM, kuma ya cancanci yabon, sai dai a kan sensar APS-C yana matse wuri sosai. Ya yi wa hoton mutum ɗaya daga ƙirji zuwa sama, amma a ƙaramin ɗaki za ka yi ta ja da baya har bango ya tare ka, mutum huɗu ba su shiga ba.

Don dawaki, ƙwallo ko tsuntsaye kana bukatar mai jawo nesa: Canon EF-S 55-250mm, Nikon AF-P DX 70-300mm, ko Sony E 55-210mm. Ka tabbata yana da abin rage rawar hannu, wanda Canon ke rubutawa IS, Nikon VR, Sony OSS. Nikon tana da wani tarko da ke kama masu koyo. Ƙananan kyamarorinta na jerin D3000 da D5000 ba su da injin daidaita gani a jikinsu, don haka tsohon lensin da aka rubuta AF kawai ba zai daidaita da kansa ba, sai AF-S ko AF-P. Shi kuma AF-P ba ya aiki da tsofaffi irin su D3100 da D3200. Ka ɗaura lensin a kan kyamarar ka gwada kafin ka biya.

Idan ta hannu za ka saya

Ko a Beirut Road ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village da ke Ikeja, gwajin ɗaya ne, kuma kada kunya ta hana ka yin sa a gaban mai kaya. Ka tafi da katin memori naka da ƙaramar tocila.

Ka cire lensin, ka buɗe murfinsa biyu, ka haska tocila ta baya kana leƙe ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane lensi na da ita. Amma idan ka ga wasu zare-zare farare sun bazu daga gefen gilashin, funfuna ce, ajiye shi. Sannan ka mayar da lensin, ka kai lambar f zuwa 22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka ƙara girman hoton a allo. Baƙaƙen ɗigo masu laushi ƙura ce a kan sensa, ana gogewa. Dogon layi kuwa ƙarzuwa ce, ba ta da magani mai araha. Ka juya kowane maɓalli, ka buɗe gidan batir ka duba ko akwai tsatsa ko wani kore-kore, alamar ruwa ya taɓa shiga. Ka ɗauki hoto goma a jere ka saurari ƙarar.

Ka kuma tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Labulen da ke buɗewa ya rufe a duk ɗauka yana da iyakar kwana, a ƙananan kyamarori ana ƙiyasta shi kusan 100,000. Nikon tana rubuta wannan adadin a cikin bayanan kowane hoto, akwai shafukan intanet da za ka ɗora hoton su karanto maka. Canon galibi sai an haɗa ta da kwamfuta. Kyamarar da mai hoton biki ya yi shekaru yana aiki da ita tana iya yin kyau a ido alhali ta kusa ƙarewa.

Katin memori kuma, araha ba ta ado. Jabu sun cika kasuwa: an rubuta 128GB a jiki, cikinsa bai kai haka ba, sai ya cika ya fara cinye hotunan farko ba ka sani ba. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin ta karanta shi ta gaya maka gaskiyar girmansa. Kati biyu masu 32GB sun fi ɗaya babba, don idan ɗaya ya lalace ba duka ka rasa ba. Mai son bidiyo ya nemi wanda aka rubuta V30, alamar saurin katin wajen ajiye bidiyo.

Lokacin hunturu kada ka canza lensi a fili. Ka shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka yi sauri. Ka sayi 'yar robar hura iska, da ita ake kore ƙura kafin a sa ƙyalle, don goge gilashi da bakin riga alhali akwai yashi a kai shi ke ƙarje shi. Da damina kuma ka ajiye kayan a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan damshi da ake samu a kwalin takalmi.

Sikana da tsofaffin hotuna

Kafin ka sayi komai, ka duba ko akwai firinta mai haɗe da sikana a gida ko wurin aiki. Don hotunan takarda, yawancinsu sun wadatar. Idan saya za ka yi, nau'i biyu ne. Masu CIS sirara ne, marasa nauyi, irin su Canon CanoScan LiDE 300 da LiDE 400 da Epson Perfection V39. Babbar fa'idarsu ita ce daga igiyar USB suke shan wuta, don haka muddin laftof ɗinka na da caji, aiki bai tsaya ba ko an ɗauke wuta. Rauninsu shi ne sai abin ya kwanta lif a kan gilashi suke ganinsa sosai, hoton da ya lanƙwashe ko wanda ke manne a albam mai kauri gefensa zai fito a dushe. Masu CCD, irin su Epson Perfection V600, sun fi kauri da tsada, suna bukatar soket, amma suna gani ko da takarda ta ɗan ɗaga, kuma akwai fitila a murfinsu don fim. Idan a gidanku akwai ambulan ɗin fim da mai hoto ke haɗowa da hotuna in an wanke, kada ka zubar. Fim ya fi takardar da aka wanke daga gare shi riƙe bayani. V600 tana da wata dabara mai suna Digital ICE da ke gano ƙura da ƙarzuwa a jikin fim mai kala ta share su, sai dai ba ta aiki a kan fim ɗin baƙi da fari na asali.

Lambobin da ake rubutawa a kwali, 4800 ko 6400 dpi, ba su ne za ka yi aiki da su ba. Dpi yawan ɗigo ne a kowane inci. Ga hoton takarda na yau da kullum, 600 ya isa har ya yi saura. Hoto mai inci 4 da 6 a kan 600 zai ba ka ɗigo 2400 da 3600, wanda za a iya wanke shi ninki biyu na girmansa. Ɗan ƙaramin hoton fasfo, wanda sau da yawa shi kaɗai ne ya rage na kaka ko kakanni, ka sa masa 1200. Fim ne kawai ke bukatar 2400 zuwa 3200, saboda ƙanƙantarsa. Wuce haka a kan takarda cika rumbu ne da ɓata lokaci.

Ga yadda aikin yake tafiya. Ka wanke hannu ka busar. Ka goge gilashin sikana da ƙyalle mai laushi, ka hure hoton da robar iska, kada ruwa ya kusance shi. Ka kashe duk gyaran da manhajar sikana ke yi da kanta, na ƙara kala da na ƙara kaifi, don so ake a fara samun hoton yadda yake. Ko da hoton baƙi da fari ne, ka ɗauke shi a matsayin mai kala, hakan na sauƙaƙa cire tabon da ya yi ruwan ƙasa daga baya. Hotuna masu muhimmanci ka ajiye su a TIFF, wanda ba ya rage komai, kowane ɗaya zai ci kusan 26MB a lissafin da muka yi a sama. Sauran JPEG mafi inganci ya isa. Kana iya jera uku ko huɗu a kan gilashi lokaci ɗaya, ka bar tazara tsakaninsu.

Ka juya bayan kowane hoto. A nan ake samun hatimin gidan hoto, sunan gari, wani lokaci kwanan wata ko gaisuwa da biro. Ka ɗauki bayan shi ma. Kuma ka yi aikin kusa da wani babba a gidan, Inna ko Baffa, kana nunawa kana tambaya: wannan wane ne, a ina ne, bikin wa? Ka sa amsar a sunan fayil ɗin nan take, shekara a gaba, misali 1987_Gusau_sunan-Habu_03, yadda kwamfuta za ta jera su da kanta bisa shekaru.

Akwai abubuwan da ba a sa su a sikana. Hoton da ya manne da gilashin firem kada ka ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. Haka tsofaffin takardun ajami da littattafan rubutun hannu da suka bushe suna karyewa, danna su da murfi ɓarna ce. Waɗannan da kyamara ko waya ake ɗaukarsu: a shimfiɗa su kusa da taga inda rana ba ta bugawa kai tsaye, a kashe filashi, a tsayar da kyamarar daidai saman takardar ba a karkace ba, a sa ta ƙirga daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka don kada hannu ya girgiza ta. Da yake irin waɗannan littattafai warwara suke ba a ɗinke ba, ka riƙa kifa kowace takarda a gefe ɗaya bi da bi don kada jerin ya rikice. Ga hoton da ke bayan gilashi, manhajar PhotoScan ta Google tana ɗauka daga kusurwa huɗu ta haɗa don ta kawar da ƙyalli.

Idan ka samu tsohuwar sikana wadda sabuwar kwamfuta ta ƙi ganewa, VueScan tana tayar da da yawa daga cikinsu, amma ta kuɗi ce.

Manhajar gyara

Tun 2013 Adobe ta koma tsarin biyan kuɗi wata-wata, don haka Photoshop da Lightroom haya ake yi, kuma da kuɗin waje. Wanda ba sana'a yake yi da su ba bai da dalilin ɗaukar wannan nauyin. Kwafin sata da ake loda wa mutane a kasuwa kuma, sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa, a kan kwamfutar da ka tara hotunan gidanku kaf.

Ka fara da ta kamfanin kyamararka, kyauta ce: Digital Photo Professional ga Canon, NX Studio ga Nikon, Imaging Edge ga Sony. Su ne suka fi sauƙin buɗe RAW, wato ɗanyen hoton da sensa ta ɗauka kafin kyamara ta matse shi ya zama JPEG. Amfanin RAW yana fitowa ne a irin hoton da ake yawan ɗauka ranar Sallah: mutum baƙi cikin farar shadda a tsakiyar rana. A JPEG ko dai rigar ta ƙone ta zama fari fat babu aikin zare, ko fuskar ta yi duhu. A RAW kana iya dawo da aikin wuyan rigar ka kuma ɗaga hasken fuskar. Kuɗinsa shi ne wuri, kowane hoto na cin 20MB zuwa 30MB. Idan ka ƙware kana son abin da ya fi haka, darktable da RawTherapee kyauta ne, sai dai suna son haƙuri da kwamfuta mai RAM aƙalla 8GB.

Don gyaran tsofaffin hotuna, cire tabo da haɗa inda ya yage, GIMP ce. Ita ma kyauta ce, kuma ba ta bukatar intanet bayan an sauke ta. Affinity, wadda da ake saya, kamfanin Canva ya mayar da ita kyauta a 2025. A waya kuwa Snapseed ta isa. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta har hannunka ya saba.

Kowace ka ɗauka, kada ka taɓa yin gyara a kan hoton asali, ka kwafa ka yi a kan kwafin. Sannan ka bi wannan jerin: miƙe hoton ka yanke gefe, gyara kala, gyara haske, share tabo, ƙara kaifi a ƙarshe kuma kaɗan. Hotunan kala na shekarun 1970 da 1980 da suka koma ja-ja, akwai gajeriyar hanya. A cikin GIMP ka buɗe Levels, ka ɗauki ɗan tsinken zaɓen fari, ka taɓa wani abu da ka san fari ne a hoton, kamar rawani ko farar riga. Sau da yawa kalar gaba ɗaya takan dawo hayyacinta da wannan taɓawa guda. Idan ta wuce gona da iri, ka koma baya ka gwada wani wurin.

Manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira da ke cewa za su fito da fuskar da ta dushe, ka yi hattara da su. Ba fito da ita suke yi ba, zana wata suke yi bisa hasashe. Za ka ga hoton ya yi kyau, ka kai wa Inna ta kalla ta ce wannan ba mahaifinta ba ne. Idan ka yi amfani da su don sha'awa, ka rubuta a sunan fayil ɗin cewa an taɓa shi. Haka batun goge fata har mutum ya koma fari sol babu ko layi a goshi, ni dai ban ga kyansa ba.

Ajiya da wankewa

Kwafi uku ake so, a wurare daban: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbun ajiya na waje da ake haɗawa da USB, ɗaya kuma a wajen gidan gaba ɗaya, ko a intanet ko a wurin ɗan'uwa a wani gari. Google tana ba da 15GB kyauta, amma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci, don haka zaɓaɓɓu za ka ɗora. Filash da katin memori na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba wurin ajiyar shekaru ba ne. Hotunan takarda kuma ka mayar da su albam, a wuri busasshe nesa da ƙasa.

WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi yadda aka saba. In za ka aika wa ɗan'uwa don ya ajiye ko ya wanke, ka tura shi a matsayin fayil ta wajen Document, zai isa yadda yake.

Idan za ka kai gidan wanki, ka fitar da hoton a JPEG, tsarin kala sRGB. Mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo 1200 da 1800 aƙalla. Hoton waya galibi ya fi na kyamara faɗi, don haka ka yanke shi da kanka zuwa ma'aunin takardar, in ba haka ba injin zai yanke inda ya ga dama, ya tafi da hular wani. Allon waya da na kwamfuta suna ƙara wa hoto haske, shi ya sa yakan fito da ɗan duhu a takarda. Ka sa a wanke guda ɗaya tukuna, ka fita da shi waje ka duba a hasken rana, in ya yi duhu ka ƙara masa haske kaɗan, sannan a wanke sauran.